Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Lissafin Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Garuruwanmu

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa filin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, idan an ja zare a miƙe, nisan bai wuce kilomita 370 ba. Daga Kanon zuwa Legas kuwa ya haura kilomita 800. Ke nan Legas ta ninka Abuja nisa har da ɗoriya. Amma duba tikitinka: na Abuja za ka ga an rubuta kamar awa ɗaya, na Legas kamar awa ɗaya da rabi. Ka ƙara da Jidda, mai nisan kusan kilomita 3,400. Ta ninka Abuja sau tara, amma maniyyata kan isa cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Ɗan firamaren da ya iya raba lamba zai ce akwai gyara a wannan lissafi. Jirgin da ke cin kilomita 800 a awa ɗaya ai kamata ya yi ya sauke mutum a Abuja kafin rabin awa ta cika. To, ina sauran lokacin ya shiga?

Duk matar da ta saba tuƙa tuwo ta san amsar, ko da ba ta taɓa taka filin jirgi ba.

A ce baƙo ya sauka bayan an gama cin abincin dare, an wanke kwanuka, wuta ta mutu. Maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, a daure a ɗan tuƙa wa Malam tuwo, daga nesa yake." Malmala biyu kacal ake bukata. Amma sai ta jera itace a murhu, ta hura wuta, ta sha hayaƙi har ta kama. Sai ta ɗora tukunya ta jira ruwa ya tafasa. Kafin nan ta tankaɗe gari, ta dama kaɗan da ruwan sanyi ta yi talge, ta rufe ta bar shi ya dahu, domin talgen da aka gaggauta tuwonsa ɗanye yake fita. Sannan ne za ta ɗauki muciya ta zuba gari ta tuƙa. Tuƙin malmala biyu kuwa, kafin baƙo ya gama alwala ta gama. Daga nan ta janye itace ta rufe tukunya ya sulala, ta kwashe da mara, ta zuba ruwa a tukunyar don ƙanzo ya jiƙa. Washegari ita ce dai za ta tuƙa na mutum goma sha biyar, kuma lokacin da za ta ɗauka ba zai ninka na jiya sau goma sha biyar ba, ko sau uku ma da wuya. Hura wutar ɗaya ce, jiran talgen ɗaya ne, sulalawar ɗaya ce. Abin da ya ƙaru shi ne tuƙin, da ɗan jinkirin da babbar tukunya ke yi kafin ta tafasa.

Tafiyar jirgin sama haka take. Akwai ɓangaren da ke tsawo gwargwadon nisan hanya, akwai kuma ɓangaren da ba ruwansa da nisa, dole a yi shi ko Kaduna za a je ko Jidda.

Lokacin da aka rubuta a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, ba daga sa'ar da ya bar ƙasa ba. Za a tura shi baya ko ya juya da kansa, a tada injuna, ya bi hanyoyin cikin fili a hankali har ya kai bakin titin tashi, ya tsaya jiran izini daga hasumiya. Minti goma sun tafi, wani lokaci fiye, ƙafafunsa na ƙasa. Kuma jirgi yakan fuskanci iska ne idan zai tashi ko zai sauka. Babban titin filin Kano ya miƙa ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. A lokacin hunturu, da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, jirgin Abuja na iya tashi ya ba Abujar baya, sai ya ɗaga sama ya yi kwana ya nufi kudu. Wannan kwanar ba ta cikin zaren da muka ja.

Bayan tashi sai hawa. Jirgi mai injin jet, irin Boeing 737 da kamfanoninmu suka fi amfani da shi, yana samun cikakken gudunsa ne can sama, wajen mita 10,000 ko fiye, inda iska ba ta da kauri. Kaiwa can yana cin kamar minti ashirin, kuma a ƙasa da mita 3,000 akan taƙaita gudu zuwa wajen kilomita 460 a awa. Sauka ma ba faɗowa ake yi ba. Jirgin da ke mita 10,000 yakan fara gangarowa tun yana da kusan kilomita 180 zuwa 200 tsakaninsa da fili, yana rage gudu daki-daki. Ka haɗa kilomitocin hawa da na gangarowa, za ka tarar sun kusa cinye dukkan tazarar Kano da Abuja. Shi ya sa a irin wannan gajeriyar hanya matuƙi ba ya ma hawa can ƙololuwa. Gudun nan na kilomita 800 a awa, wanda ɗan firamare ya yi lissafi da shi, 'yan mintoci kaɗan jirgin ke taɓa shi, in ma ya taɓa.

Wanda ya taɓa hawa jirgin Kano zuwa Abuja ya ga wannan da idonsa. Fitilar ɗaura bel tana mutuwa, ma'aikatan jirgi za su zaburo da keken ruwa da biskit, suna miƙawa dama da hagu ba tsayawa. "Alhaji, ruwa ko lemo? Hajiya, ke fa?" Na kujerun baya ba su gama buɗe ledar biskit ba, za a ji muryar matuƙi yana cewa an fara sauka, kowa ya koma mazauninsa. Kunne ya fara toshewa, jariri ya fashe da kuka, duwatsun Abuja sun bayyana ta taga. Wannan shi ne tuƙin malmala biyu. A hanyar Jidda kuwa, hawan ɗaya ne, gangarowar ɗaya ce, amma tsakaninsu akwai awa huɗu na tafiya a miƙe da cikakken gudu. A nan ne jirgi ke nuna abin da aka ƙera shi dominsa.

Kuma filin Abuja titi ɗaya ne ya daɗe yana ɗauke da duk jiragen da ke sauka da tashi. Idan aka yi cunkoso, ko wani babba zai tashi, sai jirginka ya yi ta shawagi yana jiran layi. Da damina hadari kan sa matuƙi ya kauce ya zaga. Da hunturu hazo kan rufe sararin Kano da Maiduguri da Sakkwato, a ɗage tashi daga safe zuwa yamma, wani lokaci a soke gaba ɗaya. Jinkirin awa biyu a tafiyar Jidda ƙari ne a kan doguwar tafiya. Jinkirin awa biyu a tafiyar awa ɗaya kuwa ya ninka ta sau uku.

Duk wannan a cikin jirgi ne. Lissafin gaskiya daga ƙofar gida yake farawa, ya ƙare a ƙofar wanda za a je wa. Mutumin Kano ya yi sa'a, filinsa a cikin gari yake, amma duk da haka wanda ya fito daga Kabuga ko Hotoro sai ya ware rabin awa ko fiye saboda cunkoso. Sai ya isa da awa ɗaya ko ɗaya da rabi kafin tashi, don awon kaya da bincike. Sai awa ɗaya ta jirgi. Sai jiran jaka. Sannan filin Abuja yana da kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, wato wasu minti arba'in ko awa guda a mota. Idan komai ya tafi daidai, awa huɗu ke nan. Tafiyar da ake kira ta awa ɗaya ta zama ta rabin yini. Har yanzu ta fi mota sauri, domin hanyar Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna ta haura kilomita 400, kuma ko tana da kyau sai ta ci awa biyar zuwa shida. Amma ratar ba ta kai yadda ake zato ba.

An ga wannan a fili a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida, daga watan Maris zuwa Afrilu, don gyaran titinsa, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. A sama, bambancin sauka Kaduna da sauka Abuja 'yan mintoci ne. A ƙasa kuwa, sai da fasinjoji suka ƙara tafiyar kusan kilomita 200 a mota da rakiyar jami'an tsaro, ko a jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016. Mutane da yawa a lokacin ne suka fahimci cewa yawancin tafiyar jirgin sama a ƙasa ake yin ta.

Idan hanya ta ƙara gajarta, lissafin sai ya juye gaba ɗaya. Kano zuwa Kaduna kamar kilomita 200 ne a sama, wajen 230 a mota. Kano zuwa Katsina bai kai 150 ba a sama, wajen 170 a mota. Kano zuwa Damagaram kamar 200 ne a miƙe. Dutse kuwa tana nan kusa, wajen kilomita 100. A irin waɗannan, wanda ya shiga mota a ƙofar gidansa zai iya isa ya yi sallah ya ci abinci, ɗan'uwansa yana ɗakin jira yana sauraron sanarwa. Sauri ya haifi nawa. Macen da ta san aikinta ba za ta hura itace don loma uku ba, za ta nemi abin da ya fi sauƙi ta ba baƙo. Tazarar da ba ta kai kilomita 250 ba, aikin hanya mai kyau ce da jirgin ƙasa, shi ya sa layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina ya fi dacewa da wannan yanki fiye da kowane jirgin sama.

Ban mance da dalilin da ya sa mutane da yawa suke hawa jirgi a yau ko da lissafin awoyi bai goyi baya ba. Tsoro ne. Masu garkuwa da mutane sun sa hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin fargaba shekaru da dama, an kai wa jirgin ƙasan hanyar hari a watan Maris na 2022, hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba a bin ta da kwanciyar rai, ta Damaturu zuwa Maiduguri kuwa an daɗe ba a bin ta da dare. Wanda ya sayi tikiti saboda wannan ba lokaci yake saye ba, ransa yake karewa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai wannan ya ƙara nuna nauyin maganar da ke tafe, domin garuruwan da suka fi bukatar jirgi a tsakaninsu su ne ba su da shi.

Dubi Kano da Sakkwato. A sama, tazararsu kamar kilomita 370 ce, kusan daidai da ta Kano da Abuja. A mota kuwa ta haura 500, kuma ta cikin Zamfara ake ratsawa. Wannan hanya ce da jirgi zai yi wa mutane amfani na gaske. Amma a mafi yawan lokuta, wanda ke son zuwa filin Sultan Abubakar na Uku daga Kano sai ya fara sauka Abuja, ya jira, ya sake hawa wani jirgin na kusan kilomita 490. Tafiyar 370 ta koma ta wajen 850, da tikiti biyu, da awon kaya biyu, da hawa biyu da sauka biyu. An hura wuta sau biyu don tuwo ɗaya. Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 500 ne a miƙe, kusan 600 a mota. Sakkwato zuwa Maiduguri wajen 860 ne, tafiyar da ba za ta kai awa biyu ba da akwai jirgi kai tsaye, amma ta Abuja ta zama kusan 1,200, kuma idan jirgin farko ya makara, sai mutum ya kwana a hanya. Ga wasu ƙananan filayenmu ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin la'asar yakan zama na gobe.

Me ya sa kamfanoni ba sa haɗa waɗannan garuruwa? Ba ƙiyayya ba ce, kuɗin itace ne. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa. Kowace sauka akwai kuɗin da ake biyan hukumar fili da masu kula da sararin sama da masu ɗaukar kaya. Tayoyi da birki a sauka suke cinyewa. Tsufan inji da gangar jikin jirgi ma ba da awoyin tafiya kaɗai ake ƙirga shi ba, har da yawan tashi da sauka. Duk wannan kuɗi ɗaya ne ko hanya gajera ce ko doguwa, shi ya sa tikitin Abuja ba ya zama rabin na Legas. Idan kamfani ya ɗora jirgi mai kujeru 140 a hanyar Kano zuwa Sakkwato ya samu mutum 40, ya ɗora tukunyar biki ne a kan tuwon mutum uku: itacen ya ƙone, rabin garin ya tafi a ƙanzo. Don haka sai ya tara mutanen Kano da na Yola da na Gombe da na Legas a Abuja, ya zuba su a tukunya ɗaya.

Kano ta san wannan lissafi tun da daɗewa, domin ta ci ribarsa kuma ta ɗanɗani asararsa. A 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar, suna yada zango a hanya, suka sauka Kano bayan kwanaki. Zuwa 1936 an fara jigilar fasinja da wasiƙu ta nan. Shekaru da yawa bayan haka jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a Kano suke tsayawa shan mai, saboda ba za su iya ratsa Sahara su wuce a tashi ɗaya ba. Da aka ƙera jiragen da ke iya yin doguwar tafiya ba tsayawa, sai suka riƙa wucewa ta samanmu. Ba wanda ke son sauka da tashi na banza, tunda kowace sauka sabuwar wuta ce.

Maganin yana nan a madafin. Gidan da ya san kansa ba tukunya ɗaya gare shi ba. Akwai ta biki, akwai ta yau da kullum, akwai 'yar ƙarama ta baƙon dare, wadda ke tafasa da itace biyu. A harkar jirage, ƙaramar tukunyar ita ce jirgi mai farfela na zamani, irin ATR mai ɗaukar mutum kamar 50 zuwa 70, ko Dash 8. Gudun ATR wajen kilomita 500 ne a awa, ya gaza na jet nesa ba kusa ba a kan takarda. Amma mun riga mun ga cewa a gajeriyar hanya jet ba ya samun filin sakin gudunsa. A tazarar kilomita 370, bambancinsu bai fi kwata na awa ba, alhali mai farfela ya fi tsimin mai sosai, ba ya bukatar dogon titi, kuma mutum 40 sun isa su sa tafiyarsa ta yi ma'ana. Mutanenmu da yawa suna ganin farfela sai gabansu ya faɗi, su ɗauka tsohon yayi ne. Ba haka ba ne. Injinsa ɗan gidan su jet ne, farfela kawai yake juyawa, kuma irinsa ne ke haɗa ƙananan garuruwa a Turai da Indiya da Habasha.

Abin da ke damuna shi ne mun fi ba ginin murhu muhimmanci a kan abin da za a dafa. Jihohi da dama sun gina filaye masu kyau: Dutse, Birnin Kabi, Bauci, Gombe. Amma Birnin Kabi da Sakkwato wajen kilomita 150 ne a mota, Bauci da Gombe ma kusan haka, Bauci da Jos ba su kai haka ba. Wasu daga cikin filayen nan ba sa cika sai lokacin jigilar alhazai, sauran shekara kuwa jirgi ɗaya ne ko biyu, su ma Abuja ko Legas suka nufa. Kowace jiha tana kallon kudu, ba mai kallon maƙwabciyarta. Da gwamnatocin arewa za su haɗa kai su tallafa wa 'yan ƙananan jirage da za su riƙa zagaya Sakkwato da Kano da Maiduguri da Yola a ranaku sanannu na mako, a sa fitilun dare da na'urorin sauka cikin hazo a filayen da ake da su, da amfanin ya kai ga ɗan kasuwar Kwari da malamin jami'a da majinyacin da ake son kai wa asibitin koyarwa.

Don haka mai shirin tafiya ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya sayi tikiti: ƙarfe nawa zan bar gida, ƙarfe nawa zan yi sallama a inda za ni, kuma sau nawa za a sauke ni a hanya? Idan tazarar gajera ce kuma hanya lafiya lau, mota ta wadatar. Idan ta kai kilomita 350 zuwa sama, jirgi ya fara biyan wahalarsa, muddin kai tsaye ne. Masu riƙe da ragamar jihohinmu kuma su yi irin wannan lissafi kafin su aza tubalin wani filin. Zumunci a ƙafa yake, kasuwanci ma haka, kuma tsakanin Sakkwato da Barno akwai auratayya da ciniki da karatu da suka girmi jirgin sama da ɗaruruwan shekaru. Bai kamata a ce mutumin da aka yi wa rasuwa a Maiduguri, yana zaune a Sakkwato, sai ya kwana a Abuja kafin ya kai gaisuwa ba, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai awa biyu ba.